Yaƙin Dakta Kabo da Barci

A Gyaɗi-Gyaɗi, idan ka ce kana neman Dakta Kabo, ba wanda zai nuna maka asibiti. Benci za a nuna maka, a gindin dalbejiya, tsakanin kemis ɗin Kenechukwu da shagon Yusuf tela, inda majalisarmu take zama. Kabo bai taɓa yi wa ko kaza allura ba. Masinja ne a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, shekara talatin yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan har ya yi ritaya. Amma a ganinsa, ba yadda za a yi mutum ya daɗe haka yana maƙale takardun likitoci a hammata, a ce ilimin bai tsiyaya cikin jikinsa ba. Mu kuwa 'yan majalisa, da yake ba mu da sana'ar da ta fi zuga, muka liƙa masa Dakta don tsokana. Ya karɓa hannu bibbiyu, har in ka ce masa Malam Kabo ba ya waiwayowa.

Sai dai likitan namu ya kasa warkar da kansa. Kullum da ciwon kai yake tashi, mai nauyi, kamar an ɗaure masa goshi da igiyar guga, ga baki a bushe, kuma ba ya sakinsa sai hantsi ya ɗaga. Matarsa Rabi tana da tata fassarar, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana maimaitawa.

“Malam, minsharin nan naka ne. Ka yi ta ja kamar injin markaɗe, can sai ka ɗauke numfashi ɗif, har in tashi zaune ina salati, sannan ka fizgo shi. Wannan barci ne ko dambe?”

“Ni ba na minshari. Kin taɓa jin likita yana minshari? Kawo shaida.”

“Ina zan samo shaida, in taso maƙwabta su zo su zauna mana a ɗaki?”

“To, magana ba shaida, shaci-faɗi ce.”

Haka suke rabuwa kullum, ita da takaici, shi da ciwon kai.

Ana nan sai ga ɗaurin auren Mubarak, ɗan ƙaninsa marigayi. Yaron a hannunsu ya tashi, kuma Allah ya sani Kabo yana sonsa har cikin ransa. Shekara huɗu Mubarak yana zarya gidan su Binta a Tarauni kafin a ba shi, domin gidan 'yan boko ne, masu bincike kamar za su ɗauki ma'aikaci. Duk auren da za a ɗaura a dangin su Kabo, babban yayansu Alhaji Haidar ne wakili, Kabo kuwa aikinsa rabon alawa. Bana sai tafiyar Umra ta riƙe Alhaji a Madina. Ranar Litinin ya bugo waya.

“Kabo, kai za ka karɓa wa yaron nan aure ranar Juma'a. Aikin ba yawa: ka nema, a ba ka, ka ce kun karɓa. Don girman Allah kada ka ƙara gishiri.”

“Haba Yaya, ni za ka koya wa magana a taro?”

“Abin da nake tsoro ke nan.”

Da Kabo ya ji cewa waliyyin amarya, baffanta, likita ne na gaske, ana ce masa Dakta Suhaib, sai abin ya zame masa gasa. Ya zauna ya tsara jawabi shafi uku, har da Turanci a shafi na biyu, don dangin amarya su san cewa su ma gidansu da likita. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, kada ranar ya tashi da ciwon kan nan ya je gaban jama'a yana yamutsa fuska. Ya kwana yana nazari, ya wayi gari da magani.

Ranar Talata ya iso majalisa yana tafe yana gyara zaman hula.

“Yusuf, yaushe ciwon kai yake kama ni?”

Yusuf tela, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ɗago daga kan keke. “Da safe.”

“Me nake yi kafin safe?”

“Rabi ta ce minshari.”

“Bar zancen mata! Barci nake yi. In kwanta lafiya lau, in tashi da ciwo. To wa ya kawo ciwon? Ai ɓarawo a hannu ke nan. Likitocin duniya suna ta neman cuta a jini da fitsari, ga ta nan a kan katifa. Wanda bai yi barci ba, ba zai farka ba. Wanda bai farka ba kuwa, ta ina ciwon safe zai same shi? Daga yau har a shafa fatiha ranar Juma'a, ni da barci haihata-haihata.”

Kada in ɓoye muku, maganar ta shige mu. Har akwai wanda ya ce, “Kai, Dakta, Allah ya ƙara basira,” kuma ba zan faɗi sunansa ba, don ina jin nauyin kaina.

Kenechukwu ne ya leƙo daga kanta. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. “Dakta, shekara ashirin ina sayar da magani a unguwar nan. Masu zuwa da ciwon kai, da yawansu rashin barci ne ya koro su, wasu kuma barcin ne ya yi musu yawa. Kai dai ka riƙa kwanciya a kan lokaci, ka rage goro, ka rage ƙwayar nan da kake watsawa kamar gyaɗa, ka je asibiti a duba ka.”

“Kun ji ɗan kasuwa! Tsoro yake in warke ciniki ya tsaya.”

“Ni da nake cewa ka rage saye?”

“Dabara ce. Mun san irinta a ofis.”

Yusuf ya ciza zare ya ce, “Kabo, barci fa ɓarawo ne.”

“Ni kuma ɗan sanda ne.”

Washegari Laraba, tun kafin Kenechukwu ya gama share ƙofar shago, sai ga Dakta, ido jawur, baki har kunne.

“Ku taɓa kaina! Wasai! Ko ɗigon ciwo babu!”

“Wannan jijiyar da take harbawa a gefen goshinka fa?” in ji Yusuf.

“Ilimi ne yake zagayawa.”

Daga bakin Rabi matanmu suka ji yadda aka kwana. A kan turmi ya zauna, ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi, rediyo a kunne, ya shanye fulas guda na baƙin shayi. Ita kuwa ta ce rabon da ta yi barci mai daɗi irin na jiya tun tana gidan ubanta, saboda haka ba ta da ta cewa.

Da hantsi ya tafi kasuwar Tarauni sayen goro da alawa da dabino na ɗaurin aure. Ya tare adaidaita ya zauna a lungu, ya ce da direba, “Kasuwar Tarauni, ka ja da sauri, likita ka ɗauko.” Iska ta fara kaɗa shi. Ya ƙifta ido sau ɗaya, ya buɗe, ya ga tashar Unguwa Uku.

“Kai, ina ka kawo ni?”

“Baba, sau biyu muna wuce kasuwar. Na tashe ka ka ce in bari a gama tiyata.”

“Ni ka tasa? Ba barci nake ba, tunani nake.”

“To tunanin naka ya jiƙe wa matar nan mayafi da miyau.”

Matar da ke gefensa, wata dattijuwa mai kwandon alayyafo, ta kakkaɓe kafaɗa ta ce, “Tun daga Daurawa nake ɗauke da kanka, Malam. Wallahi ko nawa mijin bai taɓa samun wannan gatan ba.”

Ya sauka ba ko sallama, ya taka da ƙafa ya koma kasuwa, wai ƙafa ba ta cin amana. Ya sayo ƙwarya biyu ta goro, fari da ja, ya ɗora a ka. A hanya ya ga ido yana neman rufewa, ya zaro ɗaya ya ɓantara. Ya ji garau. Ya ce ai goron ɗaurin aure albarka gare shi, ya ƙara wani.

Ranar Alhamis kam, wanda ya ga Dakta sai ya tausaya masa, in dai ya gama dariya. Ciwon kan da yake gudu ya zo da gayya, wannan karon ɓari guda ya kama, yana sara kamar maƙeri yana dukan ƙarfe. Hasken rana ya zame masa abokin gaba, ƙarar keken Yusuf kuwa har cikin haƙoransa. Ya ɗaure goshi tamau da ɗankwalin Rabi, ya kifa hula a kai, jelar ɗankwalin mai furanni tana reto a ƙeya. Ya ari baƙin gilashin Kenechukwu ya toshe ido.

“Yaya ilimin, yana zagayawa?” in ji Yusuf.

“Wannan ba ciwo ba ne, fitar ciwo ce. Cuta in za ta bar jiki sai ta yi ɓarna a bakin ƙofa.”

“To tashi mu je Daurawa. Tsohon maigidanka na ofis ya rasu, yau kwana uku, ba ka je gaisuwa ba.”

Suka tafi. Duk hanya Kabo yana bitar jawabinsa na gobe ƙasa-ƙasa, don kada ya zube. Suka tarar da zaman makoki cike, tabarmi har bakin titi, 'ya'yan mamaci a jere sun sunkuyar da kai. Aka yi addu'a aka shafa. Yusuf ya yi gaisuwa yadda ake yi. Kabo ya matsa, ya kama hannun babban ɗan mamacin da hannu biyu, ya girgiza, ya ɗaga murya:

“Madalla, madalla! Mun daɗe muna jiran wannan rana. Allah ya sanya alheri, Allah ya maimaita mana!”

Wani tsoho ya saki carbinsa. Babban ɗan ya ɗago ya dube shi, ya dubi ɗankwalin da ke reto. Yusuf bai jira komai ba, ya cafki wuyan rigar Kabo ya ja shi waje yana cewa, “Ku yi haƙuri, ba shi da lafiya, ku yi haƙuri.”

A bayan wata mota ya tsayar da shi. “Ka san abin da ka faɗa?”

“Me na faɗa?”

Da aka maimaita masa, sai ya dafe kai, don marigayin ya riƙe shi da mutunci shekaru da yawa. Kunya ta rufe shi.

“Yanzu ka ce: Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba ku haƙuri,” in ji Yusuf. “Faɗi.”

“Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba ku haƙuri.”

“Ƙara. Sai ka yi sau ɗari sannan mu koma ka ba da haƙuri.”

Haka ya tsaya a rana yana maimaitawa kamar ɗan firamare, har maganar ta zauna daram a harshensa. Suka koma ya faɗa daidai, aka yafe masa don darajar furfura. Ko a hanyar gida bakinsa bai daina motsi da ita ba.

A gida ya tarar da wata shari'ar. Rabi tana tsaye a kan ƙwaryar goro, ta yaye ganyen, hannu a ƙugu.

“Malam, ina goron mutane?”

“Ɓera ne.”

“Ɓeran nan da jan baki yake, kuma ɗankwalina ne a kansa?”

Kafin ya samo amsa Mubarak ya yi sallama. Labarin Daurawa ya riga ya kai masa. Ya durƙusa a gaban baffansa.

“Baffa, goro ba komai, zan sayo wani. Amma don Allah ka kwanta yau. Shekara huɗu ina bin auren nan. Ka san mutanen nan, akwai waɗanda har yanzu ba su so aka ba ni ba, ƙiris suke jira. Ba ni da uban da zai zauna mini gobe sai kai.”

Maganar ta taɓa Kabo sosai, har ya cire gilashi ya goge ido. Da a ce shi mai jin magana ne, da labarin nan ya ƙare a nan, da mu ma mun rasa abin ba wa jikoki. Amma sai ya dafa kafaɗar yaron ya ce, “Saboda kai nake wannan wahala, ɗana. Kwana biyu na yi ina gina rijiya, yau da za a ga ruwa zan cike ta? Gobe sai dangin amarya sun tambayi a ina na yi karatu.”

Rabi ta ce, “Za su tambaya kam.”

Ranar Juma'a aka sakko daga masallaci a Tarauni, jama'ar ɗaurin aure suka matsa gaba suka yi da'ira. Mutum ya kai ɗari uku, ban da waɗanda ke waje a inuwar motoci suna sauraro ta lasifika. Kabo ya sha babbar riga fara ƙal wadda Yusuf ya ɗinka masa, an raba shi da ɗankwali da ƙyar. A tsaye ya yi sauraron huɗuba, jingine da ginshiƙi, wai ƙafarsa ce take ciwo. Amma wakili dole ya zauna. Aka zaunar da shi gaban liman, gwiwa da gwiwa da Dakta Suhaib, wani dogon mutum mai sanyin fuska da farin gilashi. Yusuf ya zauna a bayansa, Mubarak yana can gefe cikin abokai yana haɗa gumi.

Masallacin nan kuwa, Allah ya saka wa wanda ya gina shi. Kafet mai laushi, ƙafa tana nutsewa. Fanka ta sola tana juyawa a hankali daidai saman kan Kabo. Ga ƙamshin turare. Ladan ya miƙa masa makirfo tun da wuri don ya zama cikin shiri, ya riƙe shi a ƙarƙashin haɓa da hannu biyu, takardun jawabi a kan cinya. Liman ya fara nasiha a kan haƙƙin aure, da wata murya mai taushi, ba hawa ba sauka.

Kabo ya ce a ransa, bari in rufe ido ɗaya ya huta, ɗayan ya yi gadi.

Liman ya gama ya ce, “To, wakilin ango, bismillah.”

Shiru.

“Wakilin ango?”

Amsar ta zo, amma ba ta baki ba. Wani gurnani ya taso daga lasifika huɗu na saman masallaci, ya bi layin motoci, ya tsallaka titi. Masu sayar da turare a ƙofa suka waiga suna neman babbar motar da ta shigo layi. Ladan ya zabura ya nufi na'ura yana murɗa maɓallai, a zatonsa waya ce ta haɗu. Gurnanin ya hau, ya sauka, ya sake hawa har da 'yar fito a ƙarshe.

Sai kuma ya ɗauke ɗif.

Kan Kabo ya langaɓe, baki a buɗe, ƙirji ba ya motsi. Dariyar da ta fara tashi ta koma ciki. Wani ya ce, “Inna lillahi!” Mubarak ya miƙe tsaye. Dakta Suhaib kaɗai ne bai firgita ba, ya ɗaga hannu ya tsayar da mutane, idonsa a kan agogo. Can sai Kabo ya fizgo numfashi da wata irin shaƙa, kamar an zare toshiyar famfo, har lasifika ta yi ƙara. Yusuf ya sakar masa gwiwar hannu a haƙarƙari.

Kabo ya zabura. Ya ga jama'a a zaune sun yi da'ira, fuskoki a murtuke, liman a tsakiya. Harshensa ya ɗauko abin da aka dasa masa jiya sau ɗari. Ya kama hannun waliyyin amarya, ya kafa baki a makirfo:

“Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba ku haƙuri!”

Masallaci ya yamutse. Wasu suka kife suna riƙe ciki, wasu suna salati. Wani tsoho daga dangin amarya ya miƙe yana kaɗa sanda. “Wannan wulaƙanci ne! Mu kawo 'yarmu a yi mana ta'aziyya? Tun farko na ce a sake bincike. Suhaib, tashi mu tafi!” Mutum biyar suka miƙe tare da shi suna neman takalma. Kabo ya waiga ya hango Mubarak a tsaye, fuskarsa ta yi fari fat, ido ya ciko. A nan barcin ya watse gaba ɗaya. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, shi da babbar rigar da shafi ukun.

“Ba barci nake ba,” ya fara, amma ko shi bai yarda da muryar ba.

Dakta Suhaib bai saki hannunsa ba. Ya dubi tsohon ya ce, “Yaya, zauna. Mara lafiya ba a fushi da shi.” Sannan ya juyo. “Malam, kullum da ciwon kai kake tashi?”

Kabo ya zaro ido. “Wa ya faɗa maka?”

“Baki a bushe? Da rana kuma ka yi ta gyangyaɗi?”

“Rabi ce ta turo ka?”

“Ban san Rabi ba. Lasifika ce ta faɗa mini, ni da duk Tarauni. Numfashinka yana tsayawa in kana barci, yanzu na ƙirga daƙiƙa ashirin da huɗu. In haka kake kwana, ƙwaƙwalwarka ba ta samun isasshiyar iska, ba ta kuma samun hutu, dole ka tashi da ciwon kai. Yaushe rabonka da barci?”

Yusuf ya amsa daga baya, “Tun Talata. Magani ya haɗa.”

“Wane likita ne ya ba shi wannan shawarar?”

Majalisarmu tana wurin, mu bakwai, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin zanen kafet. Kabo ya dubi takardunsa. Sannan ya ce a hankali, ya manta makirfo yana hannunsa:

“Wani jaki ne, ranka ya daɗe. Masinja ne ma.”

Wannan karon har tsohon mai sanda sai da dariya ta ƙwace masa, ya koma ya zauna yana girgiza kai. Dakta Suhaib ya ce, “Abin yana da magani, kuma ba rashin barci ba ne maganin. Ga sharaɗina a gaban liman: ranar Litinin ka zo asibiti, ka taho da mai ɗakinka, don ita ta san abin da kai ba ka sani ba. In ka yarda, nemi abin da ya kawo ka.”

Liman ya ce a kawo ruwa wakili ya wanke fuska. Kabo ya wanke, ya ninke shafi ukun ya cusa a aljihu.

“Muna nema wa ɗanmu Mubarak auren 'yarku Binta.”

“Mun ba ku.”

“Mun karɓa.”

Aka ambaci sadaki, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha. Duka-duka bai kai minti biyu ba, kamar dai yadda Alhaji Haidar ya faɗa. Maroƙi a ƙofa ya ɗaga murya yana shelar aure ya ɗauru, ya ƙara da cewa Allah ya ja zamanin wakilin ango, wanda ya yi jawabi da hanci. Mubarak ya ratso jama'a ya rungume baffansa, yana dariya hawaye na zuba. Kabo ya ce, “Ka yafe ni, ɗana.” Yaron ya ce, “Baffa, ai an ɗaura. Mu je ka kwanta.”

A mota aka kawo shi Gyaɗi-Gyaɗi, amma labari ya riga motar. Wani ya ɗauka a waya, kafin la'asar ya zaga unguwa. Kenechukwu yana ƙofar kemis ya ɗaga masa hannu. “Dakta, sannu da tiyata! In ka huta a dawo mini da gilashina.” Kabo ya shige gida.

Rabi tana zaune a tsakar gida a kan turmin nan, waya a hannu, ta ƙure murya. Gurnanin ya cika gidan, ya ɗauke, ya dawo da shaƙa. Ta bari ya kai ƙarshe, ta sake kunnawa daga farko.

“Malam, zo ka taya ni ji. Muryar wa ce wannan?”

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, hula a karkace. Tsohon hali ya motsa. “Janareton masallacin ne.”

“Janareto mai babbar riga?”

Ya zauna a bakin katifa, ya cire hula, ya riƙe kansa da hannu biyu. “Rabi, haka kike ji kullum?”

“Kullum. Kuma ba ƙarar ce take hana ni barci ba, Malam. Shirun ne. Duk sanda ka ɗauke, sai in ce shi ke nan, an bar ni da marayu.”

Ta tashi ta gyara masa matashi, ta zare takardun jawabi daga aljihunsa ta ajiye kusa da murhu.

“Ka ce in kawo shaida,” ta ce. “Aure ma shaidu biyu yake nema. Ni shekara talatin da ɗaya ina roƙon Allah guda ɗaya tak, yau ya ba ni masallaci guda, har da liman. Ranar Litinin da sassafe za mu tafi, ni zan yi bayani, kai ka riƙe fayil.”

Ya buɗe baki zai yi gardama, ko don kada a ce an ci shi da yaƙi a gidansa. Bakin bai rufu ba. Mu da muke zaune a benci a ƙofar kemis, gida uku tsakani, mun ji amsar da ya bayar, kuma ba wanda ya ce janareto ne.